Ƙaramin Tauraro a Silima da Talabijin: Nazari a kan Wasannin Earl Cameron, 1951 zuwa 2010

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin wasan kwaikwayo, na dandali ne ko na silima ko na talabijin, sun fi mai da hankali ga abu uku, watau jigo, da zubi da tsari, da kuma babban tauraro. Sauran 'yan wasa kuwa, waɗanda kan fito su yi magana ta minti biyar ko goma sa'an nan su ɓace, ba safai akan tsaya a kansu ba, in ban da a jera sunayensu a ƙarshen takarda. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa akwai asara a cikin wannan watsi da ake yi da su. Za mu ɗauki ɗan wasa guda, watau Earl Cameron, mutumin tsibirin Bamuda wanda ya yi sana'arsa a Ingila, mu bi wasanninsa na silima da na talabijin daga 1951 zuwa 2010, don mu ga abin da jerinsu yake gaya mana.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, jerin wasannin ƙaramin tauraro shaida ce ta tarihi. Babban tauraro yakan zaɓi labarin da yake so, wani lokaci ma dominsa ake rubuta labarin. Shi kuwa ƙaramin tauraro abin da aka tanada wa irinsa shi yake karɓa. Saboda haka in aka jera matsayin da ya fito a cikinsu shekara bayan shekara, za a ga irin gurbin da masu shirya fim suka ware wa mutum mai kamarsa, da yadda gurbin ya yi ta sakewa tare da sakewar zamani.

Dalili uku ne suka sa muka zaɓi Cameron. Na farko, tsawon lokacin da ya yi yana wasa, gama shekara 59 ce tsakanin fim ɗin da ya fito da shi da babban fim ɗinsa na ƙarshe. Na biyu, ya yi aiki a silima da talabijin a lokaci guda, wannan kuwa zai ba mu damar kwatanta su. Na uku, ba baƙo ba ne ga masu sauraronmu ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne ya fito a matsayin Annajashi, Sarkin Habasha, a cikin fim ɗin The Message na Turanci.

2.0 Wane ne Ƙaramin Tauraro?

A nan ba muna nufin ƙarami a shekaru ko a gwaninta ba ne. Abin da muke nufi shi ne ɗan wasan da labari bai rataya a wuyansa ba tun daga farko har ƙarshe, amma yana da suna a cikin wasan, yana da magana, kuma in an cire shi labarin zai sami giɓi. Ke nan ya bambanta da 'yan cika wuri, waɗanda akan tara don a nuna kasuwa ko taron jama'a.

Ayyukan da ƙaramin tauraro yake yi wa labari sun kasu uku. Yakan zama mai kawo labari ko taimako, watau ya ba babban tauraro abin da zai ci gaba da tafiyarsa. Yakan zama ma'auni, watau a gane halin babban tauraro ta yadda ya ɗauki wannan mutum. Yakan kuma zama mai yanke hukunci, wanda maganarsa guda za ta juya akalar labari. Za mu ga Cameron ya yi dukan ukun. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to haka wasan kwaikwayo yake.

3.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Earl Cameron a Pembroke ta tsibirin Bamuda ran 8 ga Agusta, 1917. Ya fara da aikin jirgin ruwa na 'yan kasuwa, wannan aiki ne kuma ya kai shi Landan a 1939, daidai da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Da komawa gida ta yi wuya, sai ya shiga ƙananan ayyuka irin su wanke-wanke a otal. Shigarsa wasan dandali ta zo ne a cikin shekarun yaƙin, sa'ad da ya sami gurbi cikin 'yan amshi a wani wasan waƙe-waƙe mai suna Chu Chin Chow. Daga baya ya koyi sarrafa murya da lafazi a wurin Amanda Aldridge, 'yar Ira Aldridge, shahararren baƙin ɗan wasan nan na ƙarni na 19 wanda ya yi suna da wasannin Shakespeare. Wannan horo shi ne asalin natsattsiyar muryar da aka san shi da ita, wadda ta sa ake yawan ba shi matsayin likita, ko jakada, ko sarki. Ya rasu a Kenilworth ta Ingila ran 3 ga Yuli, 2020, yana da shekara 102.

4.0 Wasanninsa na Silima

Don sauƙin bayani mun kasa fina-finansa kashi huɗu bisa ga irin matsayin da aka ba shi. Kason ya bi tsarin shekaru, sai dai kashi na farko da na biyu sun shiga juna.

4.1 Baƙo a Birnin Landan

A 1948 jirgin ruwan nan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen tsibiran Karibiyan a Ingila, daga nan kuma yawan baƙar fata ya yi ta ƙaruwa a biranen ƙasar. Fina-finai uku na Cameron sun taɓo wannan al'amari.

Na farko shi ne Pool of London na 1951, wanda Basil Dearden ya ba da umarninsa a kamfanin Ealing. Cameron ya fito a matsayin Johnny Lambert, ma'aikacin jirgin ruwa mutumin Jamaika, wanda jirginsu ya tsaya Landan na 'yan kwanaki. Abokinsa Dan, wanda Bonar Colleano ya fito a matsayinsa, ɗan fasa-ƙwauri ne, ya ba shi ajiyar wani ƙunshi ba tare da Johnny ya san lu'ulu'un sata ne a ciki ba. A gefe guda kuma Johnny ya shaƙu da wata Baturiya mai sayar da tikiti, Pat, wadda Susan Shaw ta fito a matsayinta. Ana lissafa wannan fim a matsayin na farko a Birtaniya da ya nuna irin wannan shaƙuwa tsakanin baƙi da Baturiya. To, amma abin lura shi ne inda aka tsayar da ita: sun yi yawo cikin gari, sun yi hira, sa'an nan Johnny ya koma jirginsa. Ko da yake rabin fim ɗin nasa ne, ƙarshen labarin na Dan ne, domin shi ne ya miƙa kansa ga 'yan sanda don ya wanke abokinsa. Ke nan tun a fim ɗin da ya fi ba shi fili, Cameron ma'auni ne na auna halin wani.

Na biyu shi ne Sapphire na 1959, shi ma na Dearden, wanda Janet Green ta rubuta. Ya fito ne shekara guda bayan tarzomar ƙabilanci ta unguwar Notting Hill ta 1958. Labarin wata ɗaliba ce da aka tsinci gawarta a Hampstead Heath, kowa yana ɗaukarta Baturiya, har sai da wanta, Likita Robbins, ya shigo ofishin 'yan sanda aka ga baƙi ne. Cameron ne wannan likita. Fitowarsa ba ta da yawa, amma sau biyu labarin ya juya a kansa. Shigowarsa ta farko ita ce ta sake wa binciken alkibla. A ta ƙarshe kuwa, an gayyace shi gidan iyayen saurayin marigayiyar, yana zaune ya ɗauki 'yar tsanar yaran gidan yana juyawa a hannunsa, sai yayar saurayin ta kasa jurewa ganin baƙin hannu a kan abin wasan 'ya'yanta, ta fashe da faɗa, ta haka asirinta ya tonu cewa ita ta yi kisan. A wannan fitowa Cameron kusan bai ce kome ba. Zamansa kawai da natsuwarsa su suka yi aikin. Fim ɗin ya ci lambar BAFTA ta fim ɗin Birtaniya mafi kyau na shekarar.

Na uku shi ne Flame in the Streets na 1961, wanda Roy Ward Baker ya shirya daga wani wasa na Ted Willis. John Mills ya fito a matsayin shugaban ƙungiyar ƙwadago wanda ya tsaya kai da fata sai an naɗa wani baƙin ma'aikaci, Gabriel Gomez, heluma a masana'antar kujeru, amma da 'yarsa ta ce za ta auri baƙin malamin makaranta sai ƙafarsa ta yi sanyi. Cameron ne Gomez, malamin kuwa Johnny Sekka ne, haifaffen Dakar. A nan ma aikin Gomez shi ne ya zama sanadin da za a gane cewa adalcin shugaban nan a bakin ƙofar gidansa ya tsaya.

4.2 Afirka ta Ƙarshen Mulkin Mallaka

A cikin waɗannan shekaru dai, kamfanonin Ingila da na Amurka sun yi ta shirya fina-finai a kan Afirka. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar ta-ɓaci a Kenya daga 1952 zuwa 1960 saboda boren Mau Mau, silima kuwa ba ta jira ƙurar ta lafa ba. A fim ɗin Simba na 1955, wanda Dirk Bogarde ya zama babban tauraronsa, Cameron ya fito a matsayin Likita Peter Karanja, ɗan boko wanda Turawa 'yan kaka-gida suke zargi da haɗa baki da 'yan bore, 'yan boren kuma suke ganinsa maci amana. Mahaifinsa, wanda a ɓoye shi ne jagoran boren, ɗan Nijeriya ne ya fito a matsayinsa, watau Orlando Martins mutumin Legas. A ƙarshen fim an kashe likitan yana ƙoƙarin shiga tsakani. Shekara guda bayan haka, a fim ɗin Safari na 1956, sai aka juya aka ba Cameron matsayin Jeroge, janar na Mau Mau.

In aka ajiye waɗannan fina-finai biyu kusa da juna za a ga abin da muke nufi da shaidar tarihi. Gurbi biyu kurum silimar wancan zamani ta tanada wa ɗan Afirka mai hankali: ko dai ya zama mai biyayya wanda zai mutu don a ji tausayinsa, ko kuwa ya zama ɗan tawaye wanda za a kashe don a huta. Babu ɗayansu da aka ba damar ya bayyana ƙorafin mutanen Kenya game da ƙasarsu ta noma da aka ƙwace, alhali kuwa shi ne tushen rikicin. Haka kuma ya fito a fina-finan Tarzan guda biyu, a 1960 da 1963, inda ba a ma buƙatar ɗan ƙasa ya yi wani tunani, sai dai ya nuna hanya ko ya ba da labari.

Fim ɗin Guns at Batasi na 1964 ya nuna an shiga wani zamani. Kenya ta sami mulkin kai a 1963, a watan Janairu na 1964 kuma sojoji suka yi bore a Tanganyika da Uganda da Kenya. Labarin fim ɗin ya faru ne a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, jim kaɗan bayan samun 'yancinta. Kanar Bature ya miƙa ragamar barikin ga Kyaftin Abraham, watau Cameron, sai wani laftana ya yi masa juyi, aka harbe shi ya ji rauni, ya fake a ɗakin shaƙatawar sajan-sajan na Turawa. Daga nan labarin ya koma hannun samanja Bature, Richard Attenborough, wanda ya ƙi miƙa shi. An ɗaga darajar ɗan Afirka zuwa hafsan soja mai ba da oda, amma yawancin fim ɗin a kwance yake, ana jayayya a kansa. Attenborough ne ya ci lambar BAFTA.

4.3 Mataimaki, Jakada da Sarki

Daga tsakiyar shekarun 1960 labarin mulkin mallaka ya daina ciniki, sai matsayin da ake ba Cameron ya sake. A Thunderball na 1965, fim na huɗu a jerin James Bond, shi ne Pinder, wakilin leƙen asirin Birtaniya a tsibiran Bahamas, mai tanada wa Sean Connery kayan aiki da labari. Wannan shi ne aiki na farko cikin ukun da muka lissafa a 2.0, ba tare da wani ƙari ba. Duk da haka, a cikin fina-finansa na wancan zamani babu wanda jama'a suka gani kamarsa. A 1973 Sidney Poitier ya shirya A Warm December, ya ba Cameron matsayin jakadan wata ƙasar Afirka a Landan. Bambancin a fili yake, gama wannan karon mai ba da umarnin baƙi ne, kuma jakadan yana da iyali da damuwa irin tasa ta kansa.

Sai kuma The Message na 1976, wanda Mustafa Akkad, haifaffen Halab ta Siriya, ya shirya a kan farkon Musulunci. An ɗauke shi a Maroko da Libiya, kuma sau biyu aka yi shi, da Turanci da Larabci, kowanne da 'yan wasansa. Saboda girmamawa ba a nuna Annabi (S.A.W.) ba, ba a kuma ji muryarsa ba, saboda haka nauyin labarin ya koma kan waɗansu, musamman Anthony Quinn a matsayin Hamza. Johnny Sekka, wanda muka ambata a 4.1, shi ne Bilal. Cameron kuwa an ba shi fitowar hijirar Habasha. Ƙuraishawa sun aiko Amru ɗan Asi ya nemi a mayar musu da Musulmin da suka yi gudun hijira, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi jawabi ya karanta ayoyi daga Suratu Maryam, sarki ya saurari kowane ɓangare, sa'an nan ya ja layi a ƙasa da sandarsa don ya nuna ƙanƙantar abin da ya raba addininsa da nasu, ya ƙi miƙa su.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan fitowa, domin ita ce misali mafi kyau na aiki na uku, watau yanke hukunci. Yawancin maganar Amru da Ja'afaru ne suke yi. Abin da aka bar wa Cameron shi ne sauraro, kuma a fuskarsa ne mai kallo yake karanta yadda shari'ar take tafiya, daga shakka zuwa mamaki zuwa gamsuwa. In aka kwatanta da Guns at Batasi za a ga an juya al'amarin sarai. A can ɗan Afirka ne yake neman mafaka ana jayayya a kansa, a nan kuwa shi ne mai ba da mafakar, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Ba kuwa abin mamaki ba ne da ya zamana wannan matsayi daga wajen masana'antar fim ta Ingila ya zo masa.

4.4 Dawowa Bayan Shekara 15

Bayan fim ɗin Cuba na 1979, inda ya sake haɗuwa da Sean Connery, sai sunan Cameron ya ɓace daga jerin 'yan wasa. Dalili shi ne, tun 1963 ya shiga addinin Baha'i, a 1979 kuma ya ƙaura da iyalinsa zuwa tsibiran Solomon don hidimar wannan addini, inda ya riƙa sana'ar askirim. Bai dawo Ingila da zama ba sai 1994. Wannan gargaɗi ne ga mai nazari, cewa ba kowane giɓi a jerin wasanni ba ne yake nuna an daina neman ɗan wasa, tilas a duba tarihin rayuwarsa.

Bayan dawowarsa ya fito a manyan fina-finai uku. A The Interpreter na 2005, wanda Sydney Pollack ya shirya, kuma aka ɗauki wani sashensa a cikin zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne Edmond Zuwanie, shugaban wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Matobo, wanda ya fara da gwagwarmayar 'yanci ya ƙare da kashe jama'arsa. Tun daga farkon fim ake maganarsa, amma ba a gan shi sosai ba sai a ƙarshe, inda tafintar, watau Nicole Kidman, ta tsare shi da bindiga ta sa shi ya karanta abin da shi kansa ya rubuta tun yana mutumin kirki. Yana da shekara 87 a lokacin. In aka tuna Likita Karanja na 1955, da Kyaftin Abraham na 1964, da Zuwanie na 2005, za a ga yadda silimar Turawa ta ba da labarin shekara 50 na Afirka ta jikin mutum guda: ɗan boko mai biyayya, hafsan da aka yi wa juyi, da shugaban da ya zama azzalumi. A The Queen na 2006 shi ne mai zanen hoton da yake hira da Sarauniya Elizabeth, watau Helen Mirren, a kan jefa ƙuri'a a ranar zaɓen 1997, a farkon fim ɗin. A Inception na 2010 kuwa tsoho ne a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Mombasa, maganarsa ba ta wuce jimla biyu ko uku ba.

5.0 Wasanninsa na Talabijin

Wanda ya tsaya a kan silima kaɗai zai ɗauka Cameron bai taɓa riƙe wasa da kansa ba bayan 1951. Talabijin ta nuna ba haka ba ne. Kafin mu kawo misalai ya kamata mu bayyana yadda abin yake a Ingila. Abin da Amurkawa suke kira fim na talabijin, a Ingila ta shekarun 1950 da 1960 wasa ne guda mai cin gashin kansa, na kamar awa ɗaya ko ɗaya da rabi, wanda akan shirya a cikin ɗakin watsa shirye-shirye, da fari ma kai tsaye ake watsa shi. BBC ce kaɗai take watsawa har 1955 da aka buɗe ITV, sa'an nan tashar BBC ta biyu ta zo a 1964. Irin wannan wasa ba shi da tsada kamar fim, ba ya kuma dogara ga cinikin tikiti a ƙasashen waje, saboda haka marubuci yana da damar ya taɓa abin da masu zuba kuɗi a silima suke tsoro.

A 1956 BBC ta nuna A Man from the Sun na John Elliot, a kan rayuwar mutanen Karibiyan da suka zo zama Landan, Cameron yana cikin manyan 'yan wasansa. A 1960 ya zama babban tauraro a The Dark Man, labarin direban tasi baƙi da wariyar da ya gamu da ita a wurin aikinsa. A 1964, shekarar da aka kwantar da shi a Guns at Batasi, ITV ta nuna A Fear of Strangers, inda ya yi gaba da gaba da Stanley Baker, shi yana wanda ake tuhuma da kisa, Baker yana sufeton 'yan sanda mai ƙin baƙar fata. A 1968 kuma ya fito a matsayin basarake a Wind Versus Polygamy, wasan da marubucin Nijeriya Obi Egbuna ya rubuta, aka nuna a tashar BBC ta biyu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ɗan Afirka ne ya rubuta wa ɗan Afirkan da ke cikin wasan maganarsa.

Ban da waɗannan, ya fito a shirye-shirye masu dogon zango a matsayin baƙo na mako guda, kamar Danger Man da The Prisoner, dukansu tare da Patrick McGoohan. A 1966, a cikin Doctor Who, ya fito a matsayin ɗan sama jannati, shekara 14 kafin baƙar fata na farko, Arnaldo Tamayo Mendez na Kyuba, ya je sararin samaniya a 1980. Abin sha'awa a nan shi ne ba a mai da launin fatarsa abin magana a labarin ba, matuƙi ne kawai yana aikinsa. Bayan dawowarsa daga tsibiran Solomon ma ya koma talabijin, alal misali a Neverwhere na 1996, inda ya zama shugaban waɗansu ruhubanawa.

To, amma akwai matsala babba ga mai nazari. Wasannin da aka watsa kai tsaye da yawa ba a naɗe su ba sam. Da na'urar naɗar hoto a tef ta shigo a ƙarshen shekarun 1950, tef ɗin yana da tsada, saboda haka akan goge tsohon shiri a naɗi sabo a kansa, BBC kuwa ba ta bar wannan al'ada ba sai 1978. Sakamakon haka shi ne, kafar da ta fi ba 'yan wasa irin su Cameron fili ita ce ta fi asarar kayanta, wadda ta ƙuntata musu kuwa ita ce take nan ana ta maimaita nuna ta. Kowa yana iya ganin Pinder a yau, direban tasin 1960 kuwa ƙalilan ne suka san da shi.

6.0 Abin da Jerin ya Nuna

Daga bayanan da suka gabata muna iya fitar da abu huɗu. Na ɗaya, matsayin da aka ba Cameron a silima ya bi sawun siyasar Birtaniya: zuwan baƙi, boren Kenya, miƙa mulki, sa'an nan ɓacin rai da shugabannin bayan 'yanci. Na biyu, duk inda aka ba shi mutum cikakke mai iko da maganarsa, za a tarar an sami canji a wajen wanda ya riƙe alƙalami ko ya ba da umarni, kamar Poitier da Akkad da Egbuna, ko kuwa an sami canjin kafa daga silima zuwa talabijin. Na uku, ba da yawan mintoci ake auna ƙaramin tauraro ba, da abin da fitowarsa ta yi wa labari ake auna shi, kamar yadda Likita Robbins da Annajashi suka nuna. Na huɗu, ɗan wasa yana da nasa rabo ko a cikin ƙuntataccen gurbi. Marubuci ne ya yanke cewa Karanja zai mutu, amma Cameron ne ya yanke cewa zai yi magana da natsuwa da mutunci kafin ya mutu, wannan kuwa shi ne zaren da ya ɗinke wasanninsa duka.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bayyana ma'anar ƙaramin tauraro da ayyukansa uku, mun bi wasannin Earl Cameron na silima kashi huɗu, mun kwatanta su da na talabijin, muka ga ba za a fahimci ɗaya ba sai an haɗa da ɗayan. Karramawa ta zo masa a makare: lambar CBE a 2009, sa wa gidan wasan kwaikwayo na birnin Hamilton ta Bamuda sunansa a 2012, da digirin girmamawa na Jami'ar Warwick a 2013.

Shawararmu ga malamai da ɗalibai masu nazarin wasan kwaikwayo na Hausa ita ce su gwada wannan hanya a gida. An san Kasimu Yero, an san Usman Baba Pategi na Samanja Mazan Fama, amma waɗanda suka tsaya kusa da su shekara da shekaru, suna fitowa a matsayin dogari ko kurtu ko uwar gida ko ɗan aike, su ma suna da jerin wasanninsu. Ya kamata a ba ɗalibai aikin tattara wannan jeri, a rubuta sunan wasa, da shekara, da tashar da ta nuna shi, da matsayin da ɗan wasan ya fito, a kuma yi hira da waɗanda suke raye tun ana iya samunsu. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna yadda sassan Hausa na kwalejojinmu da jami'o'inmu za su raba wannan aiki a tsakaninsu.